Hannu a Kwanon Bikin Girbi

Kai ma kana wurin ranar bikin godiyar girbi. Ka ga abin da na gani, amma ka kau da kai ka ƙara shinkafa.

Da aka fasa gorar da aka dafa nama a cikinta, hannu ne ya faɗo kwanona. Yatsu biyar har da farce, barkono ya rine su jawur. Na ture kwanon.

"Ci mana, Malama," in ji kawuna, yana tsotsar ƙashi. "Ko sai kin ƙirga shi tukuna?"

Aka bushe da dariya. Kowa ya san shekara uku ke nan ina ƙirga baƙaƙen biran dajinmu, waɗanda babu irinsu sai a tsibirinmu na Sulawesi. Arba'in da biyu na tarar da na fara.

"Kawu, goma sha ɗaya fa suka rage!"

"Tara," ya ce. "Gyara littafinki."

"Ba ku ji kunya ba? Ta yaya ma kuka same su?"

Ya lashe yatsa. "Da can sai mu kwana uku muna yawon banza. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Taswirar da kika liƙa a ƙofar coci, wai a kiyaye bishiyar da suke kwana, ita ta kai mu."

A ranar na yage ta. Taran nan suna da rai har yau. In aka miƙo maka naman biri a bikin bana, ka ture shi, ka faɗi dalili da ƙarfi yadda kawuna zai ji.