Malam Mai Mata Ɗari Huɗu

A ranar da za a sallami tsohon mai yankan kati daga aiki a asibitin Argungu, kwamfutar da ta gaje shi ta fitar da rahotonta na farko: wani mutum mai suna Malam yana da mata ɗari huɗu, tara suna naƙuda.

Ƙwararren kwamfutar da gwamnatin sabuwar jiharsu ta ɗauko daga Ikko ya share gumi. "Baba, wane ne wannan Malam?"

"Jarumi ne," in ji tsohon. "Ɗana, ka tambayi matan garin Zauro sunan mazajensu, ka zaci za su faɗa? Da kunya. Kowacce Malam za ta ce maka."

"To kai yaya kake yi?"

"Maƙwabciyarta nake tambaya, in riƙe sunan a kaina."

Babban likitan asibitin ya ninke takardar sallamar ya sa aljihu, ya jawo wa tsohon kujera gaban na'urar. Da yatsa ɗaya tsohon ya koya, cikin wata uku duk Malaman suka sami suna.

Kati ɗaya ya bari da Malam ɗinsa, na marigayiya matarsa. Shekara talatin ba ta taɓa faɗin sunansa ba, bai ga dalilin da inji zai riga ta ba.