Biron Bahago

Ana tashi daga wasan, biro ya suɓuce wa wani tsoho, ya gangara matakala har bakin fili. Shekara talatin yana zaɓo wa ƙungiyarsa ta ƙwallon kwando masu raba ƙwallo daga jami'o'i. Saura mako guda zaɓen 'yan wasa na bana, kuma yaron da ya zo gani na bakwai ne a takardarsa: gajere, bai cika zura ƙwallo ba.

Yaron ne ya tsinci biron, ya cillo masa shi daidai hannunsa na hagu.

"Wa ya gaya maka ni bahago ne?"

"Ina cikin wasa na hango ka kana rubutu, Yallaɓai."

Tsohon ya yi murmushi, ya soke bakwai, ya rubuta ɗaya.