Dije Mai Hoce da Katin Bungudu

Shekara tara Dije ta yi tana sayar da hoce a bakin wata tashar mota a Gusau, ba ta taɓa jin sunanta a rediyo ba. Wainar dawarta kawai take gasawa, ta haɗa da ƙuli da yaji, direbobi da fasinja su saye, ta koma gida Tudun Wada.

Sai a shekarar 1998 wani tsohon direba, Baba Jatau na Tsafe, ya sayi katin gaishe-gaishe, irin wanda ake karantawa a rediyo ranar Juma'a da la'asar. Ya gai da 'ya'yansa da jikokinsa, ya rufe da cewa: "Ina gai da Dije mai hoce, wadda hocenta ya fi na kowa laushi daga Tsafe har Bungudu."

Dije na cikin tankaɗe ta ji. Rariya ta suɓuce mata. Ta fita ba mayafi tana kiran maƙwabciyarta.

"Shafa'atu! Kin jiya? Ni anka kira! Ni da kaina!"

Kasuwa ta buɗe. Wanda bai taɓa cin hoce ba ma ya zo ganin matar rediyo. Kwano biyu na dawa ya koma shida. To, dawar da manoma ke shanyawa a gefen titi ba ta rasa tsakuwa, dole a zauna a rege ta da ruwa a ƙwarya kafin a kai niƙa. Rege kwano shida aiki ne. Dije ta duba, ta ce wadda aka yaba a rediyo ai ta wuce durƙuso gaban ƙwarya. Ta riƙa wankewa sama-sama tana aikawa inji.

Baba Jatau kuwa bai fasa ba. Kowace Juma'a sai ya yabi laushin hocen.

Ran nan mai gabatar da shirin ya karanta wani kati daga Bungudu, na wata Ummulkhairi: "Ina gai da Dije mai hoce. Hocenta da daɗi, amma don Allah ta riƙa rege dawa, na tauna tsakuwa sau biyu."

Dije ta dafe ƙirji. "Mi na yi ma wagga mata? Ko sanin ta ban yi ba!"

"Hassada ce, Inna Dije," in ji Shafa'atu. "Duk wanda Allah ya ɗaukaka sai ya samu maƙiya."

Mai karatu, wannan magana an daɗe ana faɗin ta, kuma tana da daɗin ji. Matsalarta ɗaya: ba ta taɓa fitar da tsakuwa daga cikin dawa ba.

Dije ta sayi nata katin. Ta sa aka rubuta: "Ina gai da masoyana. Mai cewa akwai tsakuwa a hocena kuma, ta je a duba mata baki." Mako ya zagayo, Ummulkhairi ta amsa cikin ladabi cewa an duba, bakin lafiya lau, tsakuwar ce dai ba lafiya ba. Dije ta sake saye, har kati uku rana ɗaya. Mai gabatarwa ya ga shiri ya yi armashi, ya riƙa ajiye katunansu sai ƙarshe, yana karantawa yana ƙunshe dariya.

Da Dije ta yi shiru tun farko, da mutum nawa ne za su tuna kati ɗaya? Amma mako shida jihar Zamfara na jin kalmomi biyu tare: hoce, tsakuwa. Ita da kanta ta fi kowa maimaita su. 'Yan kamasho suka fara kiranta Dije mai kwari, wato wurin fasa dutse. Fasinja ya sayi hoce, sai na kusa da shi ya ce, "Malam, tauna a hankali, ba mu biyawa ta asibiti."

A mako na bakwai, Alhaji Lawwali, shugaban tashar, wanda shi ya ba ta wurin zama a inuwar bakin ƙofa, ya ce bari ya kashe gardamar da kansa. Ya tara mutane, ya karɓi hoce ɗaya, ya yi bisimilla, ya gatsa.

Har masu lodin doya sun ji ƙarar.

Alhaji ya tofa a tafin hannu. Ga tsakuwa, ga rabin turmin haƙorinsa, kusan girmansu ɗaya. Bai yi faɗa ba, don bakin bai ba shi dama ba. Da hannu ya nuna tiren Dije, ya nuna hanyar fita. Kafin azahar an ba wata mai fura wurin.

Dije ta hango Baba Jatau a kan benci, ta nufe shi da tire a ka, ido jajur.

"Baba, kai da ka ce ya fi na kowa laushi, ka faɗa masu gaskiya mana!"

"Wallahi ɗiyata da laushi," ya ce. "Ni a nono nike jiƙa shi tun safe, in haɗiye. Rabona da haƙori tun kafin a ba mu jiha."

Ya yi mata murmushi, dasashi zalla. Dije ta san bakin nan shekara da shekaru. Ba ta taɓa haɗa shi da yabon ba.

Jama'a, in an yabe ku a bainar jama'a, ku yi godiya, sannan ku duba ko mai yabon ya san abin da yake yabo. In an kushe ku, kada ku ruga neman amsa. Ku fara duba aikinku, domin sau da yawa wanda kuka kira maƙiyi shi kaɗai ne ya tauna.