Mai Tsire da Allo Mai Fuska Biyu

Zaɓen shugaban ƙasa al'amari ne mai nauyi da kan hana ɗan ƙasa sukuni. Amma ya fi hana baƙo, wanda ko ƙuri'ar ba shi da ita. Ga misali. Wani mai tsire daga wajenmu ya shekara goma sha huɗu a wani birni na bakin teku, a ƙasar da ba tasa ba. Rumfarsa na bakin wata mahaɗa: tukuba, benci biyu, da kwanon rufin da ya kafa da hannunsa. Abin da ya mallaka a duniya ke nan. Da zaɓen ƙasar ya matso, gari ya rabu biyu, masu shuɗiyar tuta da masu rawaya, aka kuma shiga raɗe-raɗin cewa duk ɓangaren da ya ci, baƙon da bai goya masa baya ba sai ya kwashe komatsansa. Ba wanda ya san mafarin maganar, kowa daga wanda ya ji ya ji. Mutumin nan ya bi ya rame. Yana juya nama, rediyo na manne a kunnensa. Rabin harshen ƙasar yake ji, rabin da ba ya ji kuwa shi ya fi tayar masa da hankali. A ƙarshe ya samo dabara. Ya nemi allo, ya manna hoton ɗan takara ɗaya a gaba, na ɗayan a baya, ya rataye da igiya jikin rumfa. In ya hango shuɗi ya juyo musu nasu, in rawaya ce ya juyo nata. Maƙwabcinsa, wani tsoho mai goro ɗan garinsu, ya ce, "Kai, mu da muka zo cin arziki, ina ruwanmu da rabon gadon gidan wasu?" Mai tsire ya ce, "Baba, kai faifai ɗaya gare ka, sai ka ɗauka ka ruga. Tukuba ba ta ɗaukuwa."

Mako uku dabarar tana ci. Ranar faɗin sakamako da hantsi, ayarin biyu suka nufi inda ake tattara ƙuri'u, ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma, suka yi kiciɓis a mahaɗar nan. Mai tsire ya kama allo. Ya juya nan, ya juya can, gumi ya sa igiyar ta suɓuce masa, sai iskar teku ta karɓi aikin. Allo ya shiga juyi kamar mazari, wannan fuska, waccan fuska, a gaban idon kowa. Mutanen da suka yi wata shida ba su yarda da juna a kan komai ba, nan take bakinsu ya zo ɗaya. Kafin tsoho ya janye mai tsire gefe, rumfa ta koma itacen girki, tsiren kuwa jam'iyyun biyu suka raba shi ba ko gardama. Da la'asar aka faɗi wanda ya ci. Ba a kori baƙo ko ɗaya ba, kuma a duk titin rumfa ɗaya ce ta faɗi. Tsoho ya sayar da goronsa kaf ranar, rabi ga shuɗi, rabi ga rawaya.

Da ma Hausawa sun ce, taura biyu ba ta taunuwa.