Sakamakon Aji Biyar

Malam Basiru ne ya fara ganin sakamakon jarrabawar, don shi ne mataimakin shugabar makaranta, kuma shi ke riƙe da ƙaramar kwamfutar da ofishin ilimi ya ba su. Ya zauna a inuwar darbejiya yana shafa fuskarta da yatsa, aji bayan aji. Nasa ajin, aji huɗu, ya yi kyau fiye da yadda ya zata. Da ya iso aji biyar sai ya tsaya, ya sake dubawa, ya yi murmushi.

Aji biyar na Malama Khaulat ne, shugabar makarantar.

Tun daminar bara yake riƙe da ita a zuciya. A taron iyayen yara ta miƙe ta ce akwai malamin da ke barin ɗalibai su yini suna wasa, shi yana can gonar gyaɗa. Ba ta kama suna ba, amma a ƙauyen da kowa ke hango gonar kowa daga ƙofar gidansa, wa ke neman suna? Surukinsa na zaune a sahun gaba. Daga ranar tsohon ya daina sakar masa fuska, masu shayin bakin hanyar Ɗambatta kuma suka laƙa masa Malamin Gyaɗa.

Jarrabawar sabon tsari ce. Ana dawowa daga dogon hutu, tun ba a gama nome ciyawar filin makaranta ba, aka zo aka gwada kowane yaro a karatu da lissafi. An tara malamai an yi musu bayani cewa ba don a kayar da kowa ba ne, don su ga inda yara ke tuntuɓe su gyara koyarwarsu. Basiru bai halarci bayanin ba. Ranar ta zo daidai da cirar gyaɗarsa.

Yanzu ga abin da ya daɗe yana jira. Yawancin 'yan aji biyar ba su iya rabawa ba. Wasu ko ɗebewa sai sun haɗa da yatsun ƙafa.

Bai kai wa Malama Khaulat ba. Gida gida ya bi da yamma, yana zama a zaure yana nuna wa iyaye jan layin da ke gaban sunayen 'ya'yansu. Da ya nuna wa Baba Dogo, shugaban ƙungiyar iyaye, sunan jikarsa Roda, tsohon ya ɓata rai. Shi ne ya hana yarinyar zuwa roron wake don ta zauna a aji.

Labari ya kai wa Malama Khaulat. Ta kira Basiru ofis, ta tura ƙofa.

"Malam, ka bar maganar nan tsakaninmu malamai. Mu raba yaran rukuni-rukuni, mu koma musu baya, kafin ƙarshen zango za su kamo. Kada ka kai ta gaban iyaye."

"Bara da kika kai tawa gabansu, kin yi shawara da ni?"

Ta ce, "Kana da iyali a garin nan. Don Allah ka yi tunani."

Ya fita yana huci. Barazana ma za ta yi masa?

Ranar taron iyayen yara filin makaranta ya cika, har da waɗanda suka bar dawa a gona tsuntsaye na ci. Jami'in da zai zo daga ofishin ilimi ya makara, Basiru kuwa bai jira shi ba. Ya karanta sakamakon aji biyar a hankali, yana tsayawa bayan kowane suna don uban yaron ya ji a jikinsa. Sannan ya ce shi ba ya son a ce gaba yake da wani, saboda haka a yanke hukunci ba tare da duban fuska ba: duk malamin da ya kashe wa yaran nan lissafi, ko wane ne, a nemi a ɗauke shi daga garin.

Malama Khaulat ta miƙe. "Iyayena, ku bari in yi bayani tukuna."

"Zauna, Malama," in ji Baba Dogo. "Mun ji bayani."

Aka ɗaga hannu. Surukin Basiru ne ya fara, ya kuma dubi mijin 'yarsa ya gyaɗa masa kai, abin da rabonsa da yi tun bara. Basiru ya ji wani sanyi a ƙirjinsa.

Ana sauke hannaye babur ɗin jami'in, Malam Abdulhadi, ya tsaya. Ya saurari abin da aka yanke, ransa bai so ba. Ya ce ba don korar malamai aka kawo tsarin ba. Baba Dogo ya ce sun riga sun haɗa baki, kuma ba yaron da zai sake taka makarantar sai an cika musu. Basiru ya ƙara da cewa shi ma a matsayinsa na mataimaki yana bayan iyaye.

"To shi ke nan, zan isar," in ji Malam Abdulhadi. Ya zaro biro daga aljihu. "Sai dai yaran nan ba su daɗe da fara zama da Malama ba aka gwada su. Abin da aka koya musu bara shi jarrabawar ta auna. Wa ya riƙe su a aji huɗu?"

Kowa ya juya ya dubi Malam Basiru, don duk garin ya san shekara da shekaru ke nan bai bar wa kowa aji huɗu ba.