Gwangwanin Ubangiji

Zothani ta zura hannu cikin gwangwanin Ubangiji ta dumbuzo shinkafa.

A ƙauyensu na Mizoram, mace ba ta ɗora tukunya sai ta ware tafi guda ta zuba a gwangwanin, ƙarshen wata matan coci su zo su kwashe. Ba a taɓa shi. Amma bana itatuwan gora sun yi fure, ɓeraye suka ci 'ya'yansu suka hayayyafa, suka cinye gonaki ƙarƙaf. Mijinta ya tafi aikin hanya, ya bar ta da uwarsa, Hmingi, wadda kullum sai ƙara zubewa take yi.

"Inna, mu ɗan dakata da zubin nan har a yi girbi," ta taɓa cewa, kanta a ƙasa.

"Na Ubangiji ne farko, ciki ya biyo baya. Ke ba a koya miki a gidanku ba?"

Daga baya tsohuwar ta daina cin girkinta. "Shinkafarki ko tsakuwa ta fi ta laushi. Ba ni rabona ɗanye, in kin tafi tonon doya sai in dafa abina."

Ganin idanun Inna sun faɗa ciki, Zothani ta fara sata. Kowace safiya tafi biyu daga gwangwani, ta ƙara a rabon tsohuwar. Ba ta iya leƙa ciki, hannu kawai take turawa. Da yamma ta dawo daga daji ta tarar da 'yar tukunyar a kife fes, itace na nan yadda ta bar shi. Mako uku ana haka, har Inna ta kasa tashi daga tabarma.

Ranar kwasa, Sangi mai tara shinkafar coci ta shigo da buhu. Zothani ta durƙusa, hawaye na zuba, tana neman ta inda za ta fara faɗin laifinta.

Sangi ta ɗaga gwangwanin da hannu biyu. "A wannan shekarar? Gidan nan ne kaɗai ya cika fal."

Hmingi ta yi murmushi daga kwance, muryarta da ƙyar take fita.

"Ɓeraye sun yi ta yi masa sata, kullum in na taɓa sai in ji ya ragu. Shi ya sa duk abin da yarinyar nan ta auno mini, can nake juyewa."