Kwanon Inna Tabawa

Tun da kamfani ya sanya wa ma'aikatan sashen sayayya zoben amana mai gano cin hanci, Hansatu ba ta ƙara cin abincin gidan kowa ba. Ko goro ta karɓa zoben zai yi ja, kafin la'asar an sallame ta daga aiki.

Ranar sadakar ukun mahaifiyarta, ita ta ɗora wa kanta tukunya. Maƙwabta suka yi ta'aziyya daga bakin ƙofa suka juya, kada su ja mata.

Sai ga Inna Tabawa, aminiyar marigayiyar, ɗauke da kwano a rufe.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Hansatu, ta ɓoye hannu a mayafi. "Ɗanki ne ke kawo mana siminti."

"Ba wajen kamfani na zo ba. Buɗe."

Ta buɗe. Babu komai a ciki.

"Ban iya shiga gidan rasuwa hannu rabbana ba, 'yar nan. Gobe ki maido mini abina."

Zoben bai yi ja ba. Bayan tafiyar tsohuwar, Hansatu ta zauna ita kaɗai ta rungume kwanon, ta ji shi da ɗumi. Ashe sai da Inna ta ɗora shi a wuta kafin ta fito.